Masallacin Juma'a na Birnin Kano: Tarihinsa da Fasalin Gininsa

Babban Masallacin Juma'a na birnin Kano yana daf da Gidan Rumfa, ta arewacin fada. Wanda ya taso daga Gaya ko Ajingi, ya biyo ta Wudil ya shigo cikin gari, abin da zai tarar shi ne ginin siminti mai koriyar ƙubba da dogayen hasumiyoyi. Wannan gini bai cika shekara 80 ba. Masallacin kuwa, in ana nufin limancinsa da jama'arsa da matsayinsa a gari, ya haura shekara 500. Abin da ya raba lissafin nan biyu shi ne ƙasar da aka riƙa gina shi da ita kafin zuwan siminti.

A ƙasashen da ake gini da dutse, irin su Misra da Ingila, mai bincike kan tsaya gaban tsohon masallaci ko majami'a ya nuna bangon ƙarni kaza da tagar ƙarni kaza. Ginin ƙasa bai yarda da haka ba. Damina takan ci rabonta, rani ya zo magina su mayar da abin da ya zube, har a wayi gari babu ko dunƙule ɗaya na ƙasar farko a jikin bango alhali sunan wurin bai sauya ba. Saboda haka tarihin masallacin Kano harhaɗa shi ake yi: daga littattafan tarihi, daga 'yan'uwansa da suka saura a Katsina da Zariya, da kuma sanin da ya rage a hannun maginan ƙauye.

Salla a gindin itace

Littafin nan da ake kira Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da Turancinsa a 1908, aka kuma buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ajiye zuwan Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Wangarawa ne suka zo daga ƙasar Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Sarki ya karɓi salla, ya raba musu ayyuka: Gurdumus limamin sarki, Lawal ladan, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa, shi kuma Zaite alƙali. Sunayen ba su ɓace ba, don har yau akwai unguwannin Mandawari da Zaitawa a cikin birni, Madabo kuma ta daɗe da suna wajen karatun da ake dangantawa da mutanen nan.

Masallacin farko a gindin itaciyar da ake tsafi da ita aka yi shi, yana duban gabas. Ba a sare itaciyar ba. Masu salla da masu bauta irin ta kakanni suka zauna wuri guda, zaman da bai yi daɗi ba, domin littafin ya ba da labarin yadda masu adawa suke bari sai an watse da dare su zo su ɓata masallacin da ƙazanta, har sai da aka sa masu makamai suna zagaya shi daga magariba zuwa wayewar gari. Masallacin da ake iya yi wa haka a sauƙaƙe, ga alama ɗan fili ne da aka kewaye, irin wanda har yanzu ake gani a bakin kasuwannin ƙauye, an jera duwatsu ko kututture an ɗan tanƙwaro wajen tsayuwar liman.

Akwai wata riwayar. Wani ɗan littafi na Larabci kan asalin Wangarawan Kano, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya kawo zuwan Zaite zamanin Muhammadu Rumfa, wato tazarar kusan shekara 100 da abin da Tarihin Kano ya faɗa. Masana da dama sun fi karkata ga cewa Wangarawa ba zuwa ɗaya suka yi ba, ayari-ayari ne na fatake da malamai, daga baya masu riwaya suka dunƙule su a kan sunan babban malaminsu.

Yaji, in ji Tarihin Kano, ya umarci kowane gari a ƙasarsa ya tsai da salloli biyar. Gaya na cikin tsofaffin garuruwan da irin wannan umarni zai shafa. Daga can riwaya ta ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala, suka taso neman tama. A zamanin Sarki Yakubu kuma, 1452 zuwa 1463, littafin ya ambaci Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya, kuma a wannan zamanin ne ya ce Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da nahawu. Ke nan kafin Rumfa ya hau gado, ƙasar ta riga ta sami malamai da masallatan unguwa. Abin da babu shi ne masallacin Juma'a.

Rumfa da Shehu Magili

Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya fara sallar Idi a Shadakoko. Wajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya iso Kano, ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Tarihin Kano ya ce baƙon malamin ya umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar tsafi, ya tsai da hasumiya a gurbinta. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma zuriyarsa ce Sharifan Kano.

Bambancin masallacin Juma'a da na unguwa ba a girma kaɗai yake ba, shari'a ce ta raba su. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ƙasar Hausa take bi, Juma'a tana bukatar gari na mazauna, da masallaci ginanne irin ginin da mutanen garin suka saba, da liman, da aƙalla maza 12 'yan gari waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Duk wanda ke cikin tazarar mil 3 ya wajaba ya halarta. Asali kuma gari ɗaya masallacin Juma'a ɗaya, in an sami biyu tsohon ne ke da haƙƙi, sai da larura. Wannan ƙa'ida ita ta zana taswirar ƙasar Kano shekaru aru-aru. Kowace unguwa da zaurenta na hamsu salawati, kowane gari mai sarki ko dagaci da masallacin Juma'arsa a ƙofar fada, mutanen ƙauyuka da rugage kuma su yi sammakon wanka su kamo hanya a ƙasa ko a jaki. A Gaya, kamar a Rano da Dutse da Ƙaraye, fada da masallaci da filin da ke tsakaninsu su ne cibiyar gari. Birnin Kano kansa, duk yawan jama'arsa, da masallacin Juma'a ɗaya ya zauna har wajen 1970 da aka sami na Fagge.

Tubali da azara

Babu zane ko awo na ginin Rumfa da ya iso wannan zamani. Amma sana'ar da aka gina shi da ita ba ta yi nisa da wadda tsofaffin magina suke yi a ƙauyukan Gaya da Ajingi ba, kuma ita ce ta yanke wa masallacin Hausa kamanninsa.

Aikin na rani ne, bayan an kai amfanin gona gida. Ana haƙo jar ƙasa a kududdufi, a jiƙa ta, a zuba ramno, a yi ta tattakawa da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai kamar ƙaramin tulu, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Magini yakan hau kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, yaro daga ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jerawa kai sama, sannan a jefo masa curin ƙasa ya maka a tsakani ya shafe da tafin hannu. In an yi ɗori ɗaya sai a saurara ya sha iska kafin a ɗora wani. Bango yakan fara da tubali huɗu ko biyar a jere a gindi, yana hawa ana rage ɗaya, shi ya sa ginin Hausa yake da kauri a ƙasa, ya tsuke a sama, ya ɗan jingina ciki.

Rufi shi ne inda wuyar take. Ƙasar Kano ba ta da dogayen katakai, ga gara ba ta barin itace. Abin da ya fid da magina shi ne giginya. Ana faskara gangar jikinta a fid da azara, itace mai tauri da nauyi wanda gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamu 4, wato wajen mita 2, ba tare da ta lanƙwasa ba. Duk fasalin masallacin ƙasa daga wannan awo ya fito. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika ɗaki da ginshiƙai, a gitta azara daga wannan zuwa wancan. Tsofaffin masallatai da yawa haka suke, ciki duhu-duhu da sanyi, ginshiƙai masu kauri sun kusa cinye rabin fili. Tun da malaman Malikiyya sun karhanta ginshiƙi ya yanke sahu ba da larura ba, sai magina suka riƙa jera su a layi ɗaya da bangon alƙibla, sahu ya shige tsakanin layi da layi.

Gwanintar Hausawa ita ce baka. Magini yakan dasa damin azara a cikin bango tun daga wajen kafaɗar mutum, ya turo kanta ciki kaɗan, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ɗora wani damin a kai ya ƙara turowa. Haka ake yi ta bangon nan da na can, gaɓa-gaɓa, har ƙafafun biyu su haɗu a tsakiya. Baka guda da ta ƙetare ɗaki ita ce bakan gizo. In biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiya, kamar sandunan da ake ɗaura wa bakin gugar rijiya, sai a ce ɗaurin guga, kuma a mahaɗar akan manna tasa ko faranti mai ƙyalli. Tsakanin bakunan sai a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a bi da ƙasa, rufin ya taso ya zama tulluwa. Da wannan dabara ake samun ɗakin da faɗinsa ya kai mita 7 ko 8 babu ginshiƙi ko ɗaya. A ido baka ce irin ta ginin dutse, amma a aiki itacen da ke ciki ne ke ɗauke da nauyin, ƙasa tana riƙe da itacen, kusan yadda rodi da siminti suke taimakon juna a yau.

Sai kuma faɗa da ruwa. Hadari a ƙasar Kano daga gabas yake tasowa, alƙibla kuma gabas take da ɗan karkata arewa, saboda haka bangon da liman ke fuskanta shi ne mai shan dukan ruwan marka. Shi aka fi ƙara wa kauri, shi aka fi yi wa yaɓe. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a kwaɓa ƙasar shafe da ita. Rufi kuma a bi shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga rijiyoyin marina, da gashin jima, da ruwan dafara. A nan ana ganin yadda sana'o'in birni suke cin moriyar juna, domin sharar marini da ta majemi ita ke hana masallaci yoyo. Indararo yakan miƙo waje sosai don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, zankwaye kuma su tsaya a kusurwoyi. Duk da haka babu shekarar da ake hutawa. Kafin ruwa ya sauka sai an yi gayya, sarkin magina ya raba aiki, wasu kwaɓa, wasu ɗauko ruwa, wasu miƙa ƙasa. Masallacin da jama'arsa suka yi sakaci damina biyu ko uku a jere, sai dai a sake sabo.

Hasumiya

Kalmar hasumiya daga Larabcin Magrib ta zo, inda ake kiran wurin kiran salla sauma'a, abin da ya dace da hanyar da Magili da fataken Sahara suka biyo. Hasumiyoyin wancan zamani da suka saura su ne abin kwatance. Ta Gobarau a Katsina, wadda riwaya ke dangantawa da Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsawonta wajen mita 15 ne a yau, hawa-hawa, kowane hawa bai kai na ƙasansa faɗi ba, ita ma kuma an sake ɗaga ta a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ta Agadas ta kai mita 27, an fara ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, jikinta duk itatuwa sun leƙo waje kamar na masallatan Tumbutu. Maginan Hausa ba su cika barin itace a waje haka ba, sukan shafe jiki sumul.

Hotunan da Turawa suka ɗauka a Kano a farkon ƙarni na 20 sun nuna irin wannan soro a jikin masallacin Juma'a: ƙaton gini mai kusurwa huɗu, mai faɗin gindi, ya zarce duk gidajen da ke kewaye da shi. A garin da kusan kowane gida bene ɗaya ne ko babu, muryar ladan daga can sama ba ta bukatar lasifika.

Ƙaura da sabuntawa

Masallacin bai zauna inda Rumfa ya ajiye shi ba. Ana danganta mai da shi sabon wuri da Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Littattafai da yawa sukan rubuta 1582 a matsayin shekarar ƙaurar, alhali wannan shekarar hawansa gado ce, don haka ya fi kyau a ce a zamaninsa. Wani abin lura shi ne a zamanin Zakin ne kuma aka fara al'adar Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, wanda sai a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka farfasa shi da gatura. Zaman gindin itacen nan na zamanin Yaji bai ƙare da sare itaciyar ba.

Bayan jihadi, sarkin Fulani na farko a Kano, Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1807 zuwa 1819, shi kansa malami ne mai limanci. Babban gyaran da aka sani a ƙarni na 19 shi ne na Abdullahi ɗan Dabo, Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855 ya sake gina masallacin. Zamanin nan ne ginin ƙasa ya kai ƙololuwarsa a ƙasar Hausa. A Zariya, a shekarun 1830, Sarkin Zazzau Abdulkarimu ya sa Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a. Abin da ya yi a can ya nuna iyakar inda azara za ta iya kai mutum: bakuna suna tasowa daga ginshiƙai suna rarrabuwa kamar rassan itace, tulluwa na bin tulluwa, jikin ginshiƙan an yi musu zane mai zurfi da hannu tun ƙasar tana ɗanya. A harabar akwai zaurukan shiga da wuraren alwala da ɗakin shari'a. Ba a yi masa doguwar hasumiya ba, kamar yawancin masallatan da aka gina bayan jihadi. Labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe Babban Gwani don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa, irinsa ake bayarwa kan manyan magina a ƙasashe da dama, amma yana nuna darajar da mutane suka ba aikin.

Zuwan siminti

Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, ya je Ingila a 1934, ya yi aikin hajji a 1937. A ƙarshen zamaninsa, farkon shekarun 1950, aka kawar da ginin ƙasa aka tsai da na siminti, mai ƙubba da siraran hasumiyoyi biyu irin na ƙasashen Larabawa. Dalilan a fili suke. Jama'a sun yi yawa, sahu yana malala har kan tituna, ginin ƙasa kuma kullum yana neman hannu. Siminti ya kawar da iyakar kamu 4, ya kawar da gayyar kowace shekara. Abin da aka rasa shi ne sanyin ciki da kaurin bango ke bayarwa a watan bazara, da kuma sana'ar da ta rasa babban mai ba ta aiki. An yi asarar da ba a auna tsohon ginin an zana shi dalla-dalla ba kafin a rushe.

Abin da birni ya yi, garuruwa suka bi. A Gaya da Ajingi da Albasu, kamar sauran ƙasar Kano, sabon masallaci a yau bulo ne da kwano da lasifika a kan dogon ƙarfe, masallatan Juma'a kuma sun yawaita har gari ɗaya ya sami uku ko huɗu. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, yaron magini ya fi son koyon ɗora bulo. Babban masallacin birni kuwa an yi ta faɗaɗa shi, ya ga kuma baƙar rana a 28 ga Nuwamba 2014, sa'ad da aka kai hari ana tsakiyar sallar Juma'a, mutum fiye da 100 suka rasu. Aka wanke, aka gyara, aka ci gaba da salla a wurin.

Masallacin Zariya kuwa ya tsira ta wata hanya. A shekarun 1970 aka gina masa rumfar kankare aka lulluɓe ɗakin sallar, aka rasa kamannin waje amma bakunan Babban Gwani suna nan a ciki. Masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Jamhuriyar Nijar kuma, a ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo ƙasa da ruwa da itace, daga baya ya ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi huɗu. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gine-gine.